Sabon mai horo: abin da ke hana ɗan kallon Madarunfa barci

A Madarunfa, daga fadar samari ta bakin tasha har rumfunan masunta na gefen tabki, babu labarin da ke tsinke hirar shayi kamar a ce an naɗa sabon mai horar da ƴan wasa. Ko a wata ƙungiyar Maraɗi ce, irin su Ɗan Kasawa da Jangorzo, ko a Mena ta ƙasa baki ɗaya, tambayar farko ɗaya ce: ɗan gida ne ko baƙo? Amma wanda ya daɗe yana hawa mota zuwa filin wasa na Maraɗi ya san akwai tambayar da ta fi wannan nauyi. Shin za a sakar wa mutumin ragama, a kuma ba shi lokaci?

Wannan fargaba tana da asali, kuma ba ta da misalin da ya fi na Haruna Dula Gabde. Shi ne ya ja Mena a wasannin neman shiga gasar cin kofin Afirka ta 2012, cikin rukunin da ya haɗa Masar, wadda ta ɗauki kofin sau uku a jere (2006, 2008, 2010), da Afirka ta Kudu da Saliyo. A Yamai, Mena ta doke Masar da ci 1 da nema a watan Oktoba na 2010, Musa Ma'azu ne ya jefa ƙwallon. Ta bi da Saliyo, sannan Afirka ta Kudu. Ranar ƙarshe, a Oktoban 2011, ƙasashe uku suka tashi da maki tara tara. Ƴan Afirka ta Kudu har sun taka rawar murna a filinsu, kafin su gane cewa dokar gasar sakamakon karawar juna take dubawa. Nijar ce ta wuce, karo na farko a tarihinta. Hukumar CAF kuwa ta zaɓi Dula gwarzon masu horo na Afirka na shekarar 2011.

Sai me? Ana jajibirin tafiya, hukumar FENIFOOT ta ɗauko Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara. Da Gabon ta ci Mena 2 da nema a wasan farko a Libreville, a watan Janairu na 2012, sai ragama ta koma hannun mai ba da shawarar, ana tsakiyar gasa. Tunisiya ta ci 2 da 1, Maroko ta ci 1 da nema, aka dawo gida babu maki ko ɗaya. Kafin ƙarshen shekarar Courbis ya kama gabansa. Magabata sun ce ba a sarki biyu a gari ɗaya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan wasan da bai san muryar wa zai saurara daga bakin fili ba, rabin ƙarfinsa ya riga ya tafi.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙin baƙo ne ake yi. Bajamushe Gernot Rohr, wanda aka naɗa a 2012, ya fidda Gine, ya kai Mena gasar 2013 a Afirka ta Kudu, inda ta samo makinta na farko bayan kunnen doki da Kwango ta Kinshasa. Aiki ne da ya cancanci yabo. Abin dubawa shi ne jerin da ya biyo baya: Rohr ya ajiye aiki a 2014, François Zahoui ya zo a 2015, Jean-Guy Wallemme a 2019, Jean-Michel Cavalli a 2020, Badou Zaki na Maroko a ƙarshen 2023. Kowane da tsarinsa, kowane da ƴan wasan da yake so. Shi kuwa Dula, da aka danƙa masa ƴan wasan cikin gida a gasar CHAN da aka yi a Aljeriya farkon 2023, ya fidda Gana da ci 2 da nema, ya kai Nijar wasan kusa da na ƙarshe, ta ƙare ta huɗu. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Idan haka ta faru da ƙungiyar ƙasa, mai gwamnati a bayanta, ina ga ƙungiyar jiha? Jangorzo ta Maraɗi ta zama zakaran Nijar a 1983, Espoir ta Damagaram ta gaje ta a 1984. Ban da irin waɗannan shekaru, kofin a Yamai yake kwana, wurin su Sahel da Olympic da ƙungiyoyin sojoji da ma'aikatu masu asusu tsayayye. Maraɗi ba ta rasa fili ba, tun da ta karɓi wasannin kofin Afirka na ƴan ƙasa da shekara 20 a 2019. Ba ta rasa yara masu ƙafa ba, ga su nan a filayen lakwal na Madarunfa da Gabi da Ɗan Isa. Abin da ɗan kallo yake nema shi ne wanda zai zauna ya raine su.

Saboda haka, duk ranar da shugabannin ƙungiya suka gabatar da sabon mai horo, magoya baya suna da haƙƙin jin amsar tambayoyi huɗu. Yarjejeniyar ta shekara nawa ce, kuma a rubuce take? Wa zai fidda sunayen ƴan wasa goma sha ɗaya ranar karawa, shi ko mai ba da kuɗi? An tanadi kuɗin wata nasa da na yara, da na motar zuwa Yamai da Arlit? Zai leƙa gasar hutu ta ƙauyuka ya ɗauko matasa, ko sai dai a sayo waɗanda suka gaji?

Su ma magoya baya akwai nasu nauyi. Wanda ya fara ihun a kori mai horo bayan an sha kashi sau biyu, shi ne ke miƙa wa shugabanni wuƙar da suke nema. Manomin Madarunfa ba ya tone gero bayan mako uku don ya ga ko ya yi saiwa. A ba mai horo damina cikakkiya, sannan a auna abin da ya kawo rumbu.