Awon Taurin Bel: Kayan Aikin Da Makanike Ke Ƙera Wa Kansa

Duk ma'aikacin da ya tara albashinsa ya sayi tsohuwar mota, ya kamata ya san cewa a motoci da yawa ran injin yana rataye ne a jikin wani bel mai haƙora, wanda makanikai ke kira taimin bel. Shi ne ke daidaita buɗewar bawul da hawa da saukar fistin. In ya yi sako-sako sai ya tsallake haƙori, in kuwa aka ɗaure shi fiye da kima sai ya riƙa kuka yana cin boris. A injuna da yawa, da zarar ya tsinke sai fistin ya daki bawul, gyaran kuma ya lashe albashin watanni.

Kamfanin Glas na Jamus ne ya fara sa irin wannan bel a motocin kasuwa a 1962, sa'an nan ƙananan motocin gudu suka bi sahu, kamar Fiat 124 Spider ta 1966 da Porsche 944 ta 1982. A nan gida kuwa, Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975 da sarƙa take aiki. Sai da motoci irin su Golf da Honda suka yawaita bel ya zama ruwan dare a garejojin Kano.

To, kamfanin Porsche ya ƙera ma'auninsa na musamman, amma tsadarsa ta sa masu tsofaffin motocin nan a Turai da Amurka neman dabara. Dabarun kuwa babu wanda ya fi ƙarfin makaniken Zaitawa, tun da ga maƙera a Kasuwar Kurmi, ga kuma 'yan kayan gyara a Ƙofar Ruwa.

Na farko shi ne sikeli mai ƙugiya da rula. A maƙala ƙugiyar a tsakiyar bel, a ja da nauyin da aka ƙayyade, a auna milimita nawa ya lanƙwasa. Na biyu sifana ce ta juya ƴar tayar da ke ɗame bel a tsohuwar Golf, wadda ke da ƙananan ramuka biyu a fuskarta. Guntun ƙarfe falle da ƙusoshi biyu da aka yi wa walda sun wadatar. Na uku wayar hannu ce: a kaɗa bel kamar tsirkiyar garaya, wayar ta auna amonsa.

Sai dai a lura, kowace mota da nata awon. Littafin gyaran tsohuwar Golf ya yarda a murɗa bel da yatsu biyu har rubu'in juyi, amma wannan bai zama hujja ga sauran motoci ba. Saboda haka mai mota ya nemi makanikensa ya nuna masa adadin da kamfani ya rubuta. Bayan an ɗaure kuma, a juya injin da hannu sau biyu, a tabbata alamomin sun koma daidai, kana a murɗa makulli.