Kwamitin unguwa

Kwamitin unguwa rukuni ne na magidanta da mazauna unguwa ke zaɓa domin kula da abubuwan da suka mallaka tare, kamar rijiyar burtsatse, magudanar ruwa, taransifoma da maƙabarta. Aiki ne na sa kai, ba a biyan mambobinsa albashi. Ana samun irinsa a birane da kuma garuruwa irin su Rawayau da ke ƙaramar hukumar Kurfi a Jihar Katsina.

Asali

Tsarin ya samo tushe daga aikin gayya, inda mutanen gari ke haɗuwa su yi noma ko gyaran hanya ba tare da biya ba. Bambancinsu shi ne gayya ta yini ɗaya ce, kwamiti kuwa yana ɗorewa.

Tsari

Galibi akwai shugaba, sakatare da ma'aji. Mai unguwa da liman kan zama iyayen kwamiti. Kuɗin aiki na fitowa daga karo-karon gidaje da gudummawar 'yan gari mazauna wasu wurare.

Ƙalubale

A Amurka, wanda ya sayi gida a rukunin gidaje mai ƙungiyar masu gida, doka ta tilasta masa biyan kuɗinta. A ƙasar Hausa kuwa, kwamiti ba shi da wannan iko. Amana ce jarinsa. Idan ma'aji bai karanta lissafin shiga da fita a gaban jama'a ba, mutane kan daina biya, famfon da ya lalace ya zauna ba gyara.