Ka kunna VPN, amma kamfanin layinka na iya ganin shafukan da kake shiga

Tun da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a watan Yunin 2021, VPN ya samu gindin zama a wayoyin matasan Birnin Kebbi da Argungu. Wasu suka ƙara da manhajar toshe talla, don data ta yi auki.

Nan gizo ke saƙar. Android ba ya barin VPN biyu su yi aiki tare, kuma manhajoji irin su Blokada ta ƙofar VPN suke bi. Ka kunna ɗaya, ɗayan ya mutu. Daga nan tambayar DNS, wato sunan duk shafin da ka nema, tana iya komawa hannun kamfanin layinka. VPN ɗin burauzar Opera kuwa, burauzar kaɗai yake karewa. Manhajar bankinka tana waje.

Shiga dnsleaktest.com. In sunan kamfanin layinka ya fito, akwai ɓaraka.