Kazaure: A Tsara Bakin Titi Kafin Jirgi Ya Iso

Duk wanda ke bin hanyar Kano zuwa Daura ya san cewa cinikin Kazaure ta jihar Jigawa ya daɗe da fitowa bakin titi. Shaguna, gidajen mai, masu faci, masu shayi da 'yan tireda sun jeru inda motoci ke tsayawa, ga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu suna ƙara wa wurin armashi. Buƙata ce ta haifi wannan jeri, babu wanda ya zana shi. Yanzu kuma ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, zai ratsa Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Inda tasha ta zauna, nan 'yan kasuwa za su nufa, nan kuma fili zai yi tsada. Don haka yanzu ne lokacin tsara wannan yanki, kuma tsarin ya fara da mutanen da ke neman abinci a wurin, gini ya biyo baya.

Kano ta isa darasi. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ta lashe dubban shaguna da rumfuna, kuma kowa ya san yadda wuta ke cin karenta babu babbaka a kasuwar da tebura suka toshe layukanta. A 2023 an rushe shagunan da aka gina a Filin Idi, 'yan kasuwar da suka zuba jarinsu suka ƙare a kotu. A ɗaya ɓangaren, an gina wa dillalan magunguna cibiya ta zamani a Dangwauro, amma sai da aka kai ruwa rana kafin su bar Sabon Gari, domin ɗan kasuwa ba ya son nisa da mai sayen kayansa. Waɗannan misalai uku tushensu ɗaya: an bar gini ya riga tsari, ko an yi tsarin ba tare da masu wurin ba.

Aikin ba na hukuma ɗaya ba ne. Dokar filaye ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna, kundin tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota, hakimai da dagatai kuwa su suka san gonar wane ce ta yi iyaka da ta wane. Sai sun zauna tare da shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi. Matakin farko a ƙirga duk mai sana'a a bakin titin, har mai tebur da mai talla, a rubuta sunansa, don kada ranar rabon rumfuna 'yan siyasa da dillalai su kwashe su dawo suna ba shi haya. Na biyu a shata hanyoyin da motar kashe gobara za ta shiga, da magudanan ruwa, da wurin sauke kaya, da masallaci da banɗaki. Ambaliyar 2022 ta nuna wa Jigawa illar gini a kan hanyar ruwa, fashewar tankar mai a Majiya a 2024, wadda ta kashe fiye da mutum 150, ta nuna dalilin raba manyan motoci da cunkoson jama'a. Manomin da za a karɓi gonarsa kuma a biya shi diyya kafin a kafa turke.

Wasu za su ce Kazaure ba Kano ba ce, kuma babu kuɗi. Ƙarancin girman shi ne ribar: shata hanya a gona aikin safiyo ne da diyya kaɗan, shata ta bayan an yi gini kuwa sai da katafila da hawaye. Wasu za su ce jirgin zai iya jinkiri. Ko da ya jinkirta, gero, riɗi da dabbobin Roni, Gwiwa, 'Yankwashi da Babura suna buƙatar wurin lodi mai kyau tun yau. Masu cewa kasuwa ita ke zaɓar mazauninta sun yi gaskiya, shi ya sa ya kamata a gyara inda ciniki yake, maimakon a gina jerin shaguna a bayan gari a ce dole a koma.

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma su fitar da taswirar yankin tasha da bakin titi, a liƙa ta a sakatariya da fada, a bayyana ta da Hausa a rediyo, a saurari ƙorafi, sannan a dakatar da rabon filaye a wurin har sai an kammala.