Titin unguwarku ya lalace: wa ke da alhaki, kuma yaushe ake raba kuɗin?

Duk damina labarin ɗaya ne. Ruwa ya sauka da dare, da safe hotuna sun cika Facebook da TikTok: adaidaita sahu ta kafe a taɓo, 'yan makaranta sun naɗe wando suna laluben hanya, wata mai nakuda an ɗauko ta a amalanke saboda mota ba ta iya shiga layin. Sai kwamen ya ɓarke. Wannan ya zagi gwamna, wancan ya zagi sanata, wani ma Shugaban Ƙasa ya kira. Kwana uku an manta, sai kuma baɗi.

Abin da yawancinmu ba mu tsaya mun tambaya ba shi ne, wai titin nan na waye? Kuma a wane wata ake zama a yanke shawarar ko za a gyara shi?

A Najeriya an kasa hanyoyi gida uku. Manyan da suka haɗa jiha da jiha, irin Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, ko Kano zuwa Maiduguri, na Gwamnatin Tarayya ne, kuma hukumar FERMA ce ke da alhakin yi musu faci. Sai na jiha, waɗanda suka haɗa manyan garuruwa da hedikwatocin ƙananan hukumomi. Na uku su ne namu na kullum: layin unguwa, hanyar burji da ta shiga ƙauye, kwalbati, magudanar ruwa. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma ginawa da kula da irin waɗannan, har da fitilun titi da tashoshin mota. Ke nan idan kwalbatin bakin kasuwarku ta rufta, ƙofar farko da za ka buga ita ce sakatariya, ba Abuja ba.

To ina kuɗin ke fitowa? Kowane wata kwamitin rabon arzikin ƙasa, wato FAAC, yana zama ya raba abin da ya shigo asusun tarayya. Bayan an cire abin da doka ta ce a cire, Tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60. A harajin VAT kasonsu ya fi haka, kashi 35 ne. Ba daidai wa daida ake raba musu ba. Ana duba yawan jama'a da faɗin ƙasa da wasu ma'aunai, shi ya sa ƙananan hukumomi 44 na Kano kowacce da abin da take samu. Akwai kuma ɗan abin da suke tarawa da kansu, kamar kuɗin rumfunan kasuwa da tikitin tasha. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, adadin nairorin da ake rabawa ya ƙaru sosai, duk da cewa farashin siminti da rodi da gas ɗin gireda su ma sun yi sama.

Sai dai kuɗin ba kai tsaye yake faɗawa hannun ciyaman ba. Sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanadi asusun haɗaka tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma shekara da shekaru ta nan kuɗin ke bi. A nan ake cire albashin malaman firamare, da fansho, da kason masarautu, da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa. Abin da ya rage sai a biya ma'aikatan sakatariya. Kafin a zo kan titi, sau da yawa tukunya ta kusa ƙarewa.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a madadin Gwamnatin Tarayya: a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kada a ba wadda kantoma ke riƙe da ita maimakon zaɓaɓɓen shugaba. An yi ta murna a soshiyal midiya, amma aiwatarwar ta yi tafiyar hawainiya. Don haka tambaya ta farko da ya kamata ku yi wa ciyaman ɗinku mai sauƙi ce: ranka ya daɗe, nawa ya shigo asusun ƙaramar hukuma a watan jiya, kuma ta wace hanya ya shigo?

Yanzu ga inda muke yin sake. Kasafin kuɗin ƙaramar hukuma a watannin ƙarshen shekara ake haɗa shi. Kowane sashe ya kawo buƙatunsa, sashen ayyuka ya jero hanyoyi da kwalbatocin da yake son a yi da kiyasin kuɗinsu, a raba kasafin gida biyu: na yau da kullum da na manyan ayyuka. Daga nan ya je gaban kansiloli su amince, kuma a jihohi da dama sai ma'aikatar ƙananan hukumomi ta duba shi. Titin da bai shiga wannan takarda ba, da wuya ya ga gireda a shekara mai zuwa. Mu kuwa a watan Agusta muke ihu, lokacin da ruwa ya riga ya ci hanya. Idan Oktoba da Nuwamba suka zo ana rubuta kasafi, mun koma musun ƙwallo.

Su wa ke samun titi? Waɗanda suka kai buƙatarsu a rubuce, a kan lokaci, kuma suka iya nuna hujja. Injiniya da kansila sun fi jin magana idan ka ce musu hanyar nan ƙauyuka shida take haɗawa da kasuwar mako, ita ce kaɗai ke zuwa asibitin sha-ka-tafi, kuma duk damina manoman tumatir na asarar kaya a kanta. Siyasa na shiga, wannan ba a musu. Amma takarda mai sa hannun mai unguwa da liman da shugaban 'yan adaidaita da ƙungiyar mata ta fi wahalar jefarwa a kwandon shara fiye da fostin guda.

Ku kuma lura da abin da kuke roƙo. Kwalta na da tsada ƙwarai, kuma titin da ba shi da magudanar ruwa damina biyu ta ishe shi. Sau da yawa kwalbati ɗaya da lambatu mai kyau da zuba jar ƙasa sun fi ƙarfin amfani, kuma su ne aljihun ƙaramar hukuma zai iya ɗauka. Babban aiki kuwa sai a nemi a tura shi kasafin jiha, ko shirin RAAMP na hanyoyin karkara da Bankin Duniya ke tallafawa a jihohi irin su Kano da Katsina da Sakkwato da Bauchi, ko ayyukan mazaɓu na 'yan Majalisar Tarayya.

Bin diddigi ma ba sai kana da uban gida ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na wallafa rahoton rabon FAAC, kuma ana samunsa a intanet. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa hukuma ka nemi kwafin kasafi ko takardar kwangila, ita kuma ta amsa cikin kwana bakwai. Idan an kafa allon kwangila, ɗauki hotonsa: sunan kamfani, tsawon hanya, wanda ya ba da aikin. Ƙungiyar BudgIT na da shirin Tracka da ke bin irin waɗannan ayyuka. Kuma kada mu manta, matasan Follow The Money ne suka tasa gwamnati a gaba daga 2012 har aka saki kuɗin share gubar dalma a Bagega ta jihar Zamfara. Da waya da naci suka yi.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, hoton da kuka ɗauka a taɓo bana kada ku goge shi. Ku ajiye, ku haɗa da na bara, ku nemi lambar kansilan mazaɓarku tun kafin kaka ta wuce. Ku tambaye shi ranar da za a zauna kan kasafi, ku je ku biyar ko goma da takardarku a hannu, ku karɓi shaidar cewa an amsa. Idan Janairu ta yi, ku koma ku duba ko sunan hanyarku ya fito.