Daga Tsatsa Zuwa Raba Ruwa

Duk ɗan Kanya Babba ya san abin da ke samun fartanyar da aka bari a waje da damina: tsatsa ce za ta cinye ta. A ilimin sinadarai, ƙarfen ya ba da wasu 'yan ƙwayoyi da ake kira ilektiron, iskar oksijin kuma ta karɓa. Bayarwar ita ce oksideshan, karɓar kuwa ridakshan. Ɗalibai, ku riƙe wannan sosai: ba a bayarwa sai da mai karɓa. Kullum tare suke faruwa.

Kakanninmu sun yi aiki da wannan ilimi tun kafin zuwan boko. Maƙera kan zuba tama da gawayi a wuta, gawayin ya ƙwace oksijin daga tamar, ƙarfe ya fito. Wannan ridakshan ne. Haka kuma a marinar Ƙofar Mata da ke Kano, zane kan fito daga karofi kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi. Wannan oksideshan ne.

To, ina ruwa ya shigo? Ruwa haɗin haidurojin ne da oksijin, shi ya sa ake rubuta shi H₂O. A shekarar 1800, William Nicholson da Anthony Carlisle suka raba shi da batir a Ingila. Mu ma muna iya gwadawa. A jiƙa 'yar kanwa a kofin ruwa domin lantarki ya samu hanyar wucewa. A fere fensir biyu gaba da baya, a haɗa su da batir mai bolt 9 ta waya, a tsoma bakinsu a ruwan ba tare da sun taɓa juna ba.

Nan da nan ƙananan kumfa za su taso. A gefen alamar ɗebewa, ruwa ya karɓi ilektiron, haidurojin ta fito. A gefen alamar tarawa, an ba da ilektiron, oksijin ta fito. Haidurojin takan ninka oksijin sau biyu, daidai da abin da H₂O ke nunawa.

Gargaɗi biyu: kada a sa gishiri maimakon kanwa, domin yana fitar da iskar kulorin mai guba. Kada kuma a kuskura a gwada da wutar soket. A nisanta ashana, don haidurojin tana kamawa da wuta.

Idan za a adana fartanya ko garma bayan girbi, a shafe ta da mai. Man zai hana ruwa da iska isa ga ƙarfen.