Yadda Ake Haɗa 3½ Da 2⅔ Ko Da Kwakuletar Waya Ba Ta Da Maɓallin Rabi

A Geza da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo, idan an sheƙe shinkafa aka zo ƙirga buhuna, yawanci matashi mai waya ake miƙa wa lissafi. Misali gona ɗaya ta ba da buhu 3½, ɗayar kuma 2⅔. Nawa ke nan?

Kuskuren da aka fi yi shi ne a haɗa 3 da 2, sannan a haɗa lambobin sama daban, na ƙasa daban, a ce ½ da ⅔ sun zama 3/5. Jimilla 5 da 3/5. Wannan amsa ta cinye wa mai gona fiye da rabin buhu.

Rabi da sulusi ba girmansu ɗaya ba, don haka sai an mayar da su ma'auni ɗaya. Ana neman ƙaramar lambar da 2 da 3 duk za su iya rabawa ba saura, wato 6. Rabi ya koma 3/6, ⅔ ya koma 4/6. Yanzu na sama kawai ake haɗawa, 6 ta tsaya yadda take: 7/6. Tunda shida bisa shida buhu guda ne, 7/6 buhu ɗaya ne da 1/6. A ɗora shi kan 5, amsa 6 da 1/6. Malaman rabon gado sun daɗe da wannan dabara, ita suke bi wajen haɗa sulusi da sudusi.

A waya kuwa, a rubuta shi a layi ɗaya: 3+1÷2+2+2÷3. Kwakuletar Android da ta iPhone suna fara yin rabawa kafin tarawa, sai su ba da 6.1666. Wutsiyar nan ta .1666 ita ce 1/6. Ƙaramar kwakuletar shago ba ta bin wannan tsari, tana lissafi ne yadda aka danna, amsarta za ta kauce. Yanke ⅔ zuwa 0.6 ma ganganci ne, domin a gona goma gibin ya kai ⅔ na buhu.

Masu ajiye lissafi a Excel su ma su kula. Yana gane 3 1/2 idan an bar tazara, amma 1/2 shi kaɗai sai ya ɗauke shi kwanan wata. Maganinsa a sa sifili a gaba: 0 1/2.